Ranar da 'Yan Garinmu Suka Jefi Wanda Ya Ci Mana Kofi

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa, amma yammacin da muka buga wasan ƙarshe na gasar kaka a Rano, wannan kam sai dai in ƙasa ta rufe idona. Har yau in na zo ba da labarin sai in ji muryata tana ɗagawa da kanta, kamar ina riƙe da makirfo.

Ni mutumin Fammar ne, a ƙasar Kibiya. Sana'ata hayar lasifika: biki, suna, saukar karatu, taron wa'azi, duk inda ake son murya ta kai nesa, a nan nake cin abinci. Amma abin da aka fi sanina da shi sharhin ƙwallo ne. Allah ya ba ni baki, wannan ba yabon kai ba ne. Ko wasan ya yi sanyi kamar kunun jiya, in na hau kansa sai ka rantse a Turai ake buga shi. Akwai tsofaffin da ba su san ofsaid ba, wato satar gida, amma suna zuwa fili don kawai su ji abin da zan ce su yi dariya.

Duk shekara, in an gama girbi an kai amfani gida, matasan Rano da Kibiya kan haɗa gasa tsakanin ƙauyuka da unguwanni. Gasar talakawa ce. Raga duk ɗinki, ƙwallo biyu tak, jesi kuwa wani lokacin sai an jira waɗanda suka gama wasa su tuɓe a ba na gaba, da guminta da komai.

A shekarar da nake ba ku labari, ana saura mako biyu a fara, sai ga wani ɗan birni, wakilin wani kamfani, ya zo da mota, mutum mai fara'a da iya gaisuwa. Ya nemi zama da kwamitin gasa, wanda ni ma ina ciki. Kafin ya ce komai sai ya sa aka buɗe bayan mota. Wayyo! Jesi sababbi dal a leda, kowace ƙungiya da kalarta, ga raga, ga ƙwallaye, ga wani kofi mai walƙiya da ya kai tsayin yaron goye. Ni kuma ya nuna mini manyan lasifika biyu da janareta, ya ce nawa ne har a gama gasa. Abin da yake so kaɗan ne, in ji shi: sunan kamfaninsu a ƙirjin jesi, ƙyallayen talla a kewayen fili, rumfa ɗaya a bayan raga, sai kuma mai sharhi ya riƙa karanta 'yar takarda lokaci-lokaci.

Shugaban kwamitinmu, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, ya juya takardar ya ce, "Malam, wannan abin naku ba caca ba ce kuwa?"

Mutumin ya dafe ƙirji. "Haba Alhaji! Caca a ƙasar Kano? Hasashe ne. Ilimin ƙwallo ne zalla. Wanda ya san wasa ya faɗi yadda za a tashi, in ya dace a ba shi tukuici. Ina caca a nan?"

Bari in faɗi gaskiya tunda yanzu na girma: babu wanda bai gane ba a cikinmu. Amma jesin nan suna gabanmu, ƙamshin sabon kaya yana dukan hancinmu. Sai muka riƙe kalmar "hasashe" da hannu biyu, kowa ya ƙi kallon idon ɗan'uwansa, aka yi fatiha aka tashi.

Takardar da aka ba ni ba ta da gishiri, don haka na sa mata nawa. Na mayar da ita waƙa: "Canki daidai, ci daidai! Wayarka gonarka, ba rani ba damina!" Kafin a gama zagayen farko, yara suna rera ta a hanyar makaranta, masu acaɓa suna yi wa juna kirari da ita. Ni kuwa sai fasa kai nake, wai baitina ya shiga gari. Rumfar nan ta bayan raga kullum cike take. Ana sa wa mutane manhajar kamfanin a waya don wasannin Turai, namu na gida kuma yaran mutumin su karɓi kuɗi su ba ka ɗan tikiti. 'Yan kallo suka ninka. Ban taɓa ganin gasa mai armashi irin ta wannan shekarar ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗinta ba.

Abin da ya ƙara mata armashi a wurinmu shi ne ƙungiyarmu ta Fammar, wadda ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba, ta riƙa kwankwatsar duk wanda ta haɗu da shi. Sirrin kuwa mai lamba tara ne, wani saurayi Bafulatani daga cikin Fulanin da suka zauna kusa da mu suna noma da kiwo. Dogo ne, siriri, ba ya magana sai an tambaye shi. Sai ya dawo da shanu ya ɗaure maruƙa sannan ya taho atisaye a guje. Amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa, to sai dai a yi kallo.

Matsala ɗaya: mahaifinsa ba ya son ƙwallo. Gudun banza yake kiranta. Da muka kai wasan ƙarshe sai ya ce yaron ba zai je Rano ba, ya isa haka. Hankalin gari ya tashi. Ni aka tura, tunda ni ne mai baki. Na same shi a gindin wata ɗorawa yana tufkar igiya, na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kawo zance yana saurare.

Da na gaji sai na ce, "Baffa, ni dai abu ɗaya nake roƙo. Ka zo da kanka ka gani. Ka zo ka ga yadda jama'a ke girmama ɗanka. In ka ga abin da bai yi maka ba, ni da kaina zan hana shi."

Ya ajiye igiyar ya ce, "Kai ka ce ana girmama shi?"

"Ni na ce, Baffa."

"To, zan zo."

Ranar wasa da safe ina teburin mai shayi, matasa suka kewaye ni. Abokan karawarmu 'yan Rurum Sabon Gari ne, a ƙasar Rano, masu riƙe da kofi, waɗanda ba a ci su ko sau ɗaya ba a gasar. Aka ce, "Mai sharhi, kai ka san ƙwallo, yaya kake gani?" Na kurɓi shayi na yi irin zaman masana, na ce, "Rurum ba ta ciwuwa cikin minti casa'in. Mu ma golanmu yana kan ganiyarsa. Kunnen doki za a yi, sai dai fenareti ta raba." Ni hira nake yi. Ban san kafin azahar maganar ta zaga Fammar ta leƙa har ƙauyen Durba ba: mai sharhi ya ce kunnen doki. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana.

Da la'asar filin nan na Rano ya cika ya batse. Mutane a kan katangu, a kan bishiyoyi, wasu sun hau dutse suna hango mu kamar tururuwa. Masu kalangu ta nan, masu rake da awara da ruwan leda ta can. Mutanenmu sun zo a babura da motocin ɗaukar kaya, suka mamaye gefen gabas. Na hango Baffa ya iso da malafarsa da sandarsa, na sa aka ba shi kujera kusa da teburina. Ya zauna ya miƙe kamar wanda aka kira gaban alƙali.

Alƙalin wasa ya busa usur, na buɗe murya. Kai, an yi wasa ranar! Minti goma ba a yi ba 'yan Rurum suka zura mana ɗaya da ka, filin ya ɗauka kamar aradu. Muka yi ta kai kora suna tarewa. Dab da hutun rabin lokaci aka yi mana keta a bakin da'ira, kyaftin ɗinmu ya lanƙwasa ta ta saman katangar 'yan wasa, ta faɗa kusurwar raga. Ɗaya da ɗaya! Na yi ihu har sai da lasifika ta yi ƙara. A hutu na karanta tallata sau uku, jama'a suna amsa mini, "Ba rani ba damina!" Layin rumfa har ya kai bakin titi.

Da aka dawo, wasa ya zama na a mutu ko a yi rai. Golanmu ya ture wata da yatsa, ya kama wata a kan layi. Na lura da wani abu amma ban fassara shi ba a lokacin: duk sanda lamba tara ya ɗauki ƙwallo ya nufi ragar Rurum, ihun gefenmu ba ya kai yadda na saba ji. Na ɗauka fargaba ce.

Saura minti biyu a tashi, golanmu ya dako ta sama. Lamba tara ya tare ta da ƙirji a tsakiyar fili, ya juya. Na miƙe tsaye. "Ga shi nan! Ga ɗan Fulani ya saki linzami!" Ya yanke na farko, ya zura wa na biyu ta tsakanin ƙafafu. "Ya wuce biyu! Jama'a ku riƙe hulunanku!" Na uku ya zo da ƙafa biyu, yaron ya tsallake shi kamar kwatami. Gola ya fito ya baje hannuwa. Sai kawai ya ɗaga masa ita a hankali ta saman kai. Ƙwallon nan ta yi ta tafiya kamar ba ta son isa, ta dira sau ɗaya, ta kwanta a raga.

"Ta shigaaaa! Ta shiga! Fammar! Fammar!" Na yi ta ja har numfashina ya ƙare. Na buga tebur, hulata ta faɗi, hawaye a idona. Sai da na tsaya jan numfashi sannan na ji cewa kusan ni kaɗai nake ihu.

Mata da yara da 'yan tsofaffi suna murna, amma dandazon matasanmu na gabas sun yi cirko-cirko, wasu sun ɗora hannu a ka. Yaron kuwa bai sani ba. Ya ware hannuwa ya nufi wurinsu a guje, bakinsa har kunne, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Yana isa ledar ruwa ta fashe masa a fuska. Sai ɓawon rake. Sai takalmi.

"Ka cuce mu!"

"Wa ya aike ka? Saura minti biyu fa!"

"Allah ya isa, ka kashe mana tikiti!"

Cikin masu jifan har da maƙwabcina, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, wanda daga baya na ji buhun masararsa ya kai kasuwa da safen nan, ya zuba kuɗin a kan kunnen doki. Yaron ya tsaya cak, hannuwansa har yanzu a ware, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Wani dutse ya same shi a goshi, jini ya zubo kan sunan kamfanin da ke ƙirjinsa. Alƙali ya tsayar da wasa, 'yan sintiri suka shiga tsakani.

Ina tsaye makirfo a hannu, sai na ji an dafa teburina. Baffa ne. Ya cire malafarsa. Shi bai san ci ba, bai san kunnen doki ba. Abin da ya sani a duniya shi ne, in taron mutane ya taso wa Bafulatani da ihu, to dabba ta shiga gonar wani.

Ya ce, "Malam, me yarona ya yi? In ɓarna ya yi, ku faɗa mini, ni ne ubansa, ni zan ba da haƙuri. Kada a kashe mini shi."

Na manta makirfo a kunne yake. Manyan lasifikan nan biyu suka ɗauki maganar tsohon suka watsa ta har kan dutse. Filin ya yi tsit.

A daidai nan ɗan birnin ya matso kusa da kunnena yana raɗa: "Karanta talla, karanta talla! Ce musu kada su damu, akwai wasannin Turai gobe, kowa zai rama."

Na dube shi, na dubi tsohon da na yi wa alkawari a gindin ɗorawa. Ban san lokacin da na ɗaga makirfo ba.

Na ce, "Baffa, ɗanka bai yi ɓarna ba. Ɗanka ya yi abin da tun da aka kafa Fammar ba a taɓa yi mata ba. Mai ɓarnar ga shi a gabanka, ni ne. Ni na yi wata guda ina kiran mutanen nan zuwa caca da bakina. Caca ce, jama'a, ba hasashe ba, mun sani tun ranar farko..."

Ɗif! Lasifika ta ɗauke. Mutumin ya kashe janaretansa.

To, ai ni kafin a yi janareta aka yi maƙogwarona. Na haye kan tebur da takalmina, na kwarara murya. Abin mamaki, da mutane suka ga an kashe na'ura, sai suka ƙara yin shiru don su ji, na gaba suna miƙa wa na baya.

Na ce, "'Yan Fammar! Mene ne ya ɗauko ku daga gida? Ba don ku ga wannan ranar kuka yi shekara da shekaru kuna bin ƙungiyar nan a ƙasa ba? Yau ta zo, kuna jifanta? In jifa za ku yi, ga ni a sama, kun fi samuna!" Daga nan sai bakin ya koma aikinsa, na juya ga yaron na saki kirari: "Dogo ɗan Baffa! Barewa ba a kama ki da gudu! Na gaban garke, mai wuce uku ya gaishe da gola! Ruwan kaka mai zuwa ba sallama!"

Wata tsohuwa mai awara ce ta fara rangaɗa guɗa. Masu kalangu suka ɗauka. Sai ga kyaftin ɗin Rurum, mutumin da aka ci yanzu-yanzu, ya tako ya cire ƙyallen hannunsa ya goge wa yaron jini, ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Mutanen Rano gaba ɗaya suka miƙe suna tafi. Abokan hamayya fa! Wannan ita ce ta karya matasanmu. Kunya ta kama su, wasu suka sulale, amma da yawa suka yar da tikitin suka shiga tafin, tun ana yi da sanyi har ya zama ruri.

Aka ɗaure wa yaron kai, aka ci gaba da wasa. Minti biyun nan sun fi mini shekara tsawo. Ina kan tebur ina sharhi da tsurar murya. 'Yan Rurum suka taso gaba ɗaya har golansu, suka sami bugun kusurwa, aka dako, wani ya sa kai, ƙwallo ta daki turke ta dawo! Gefen gabas ya yi wata irin kururuwa, kuma a wannan karon na san ta gaskiya ce, domin da ta shiga da tikitinsu ya dawo da rai, amma "A fitar! A fitar!" suke cewa. Aka fitar. Usur ya tashi.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. An ɗauki yaron a kafaɗa, an ɗauki kofi, an so a ɗauki Baffa ma ya ɗaga sanda aka ja da baya ana dariya. Muka kamo hanyar Kibiya kafin magariba, babura suna ta oda, mutane a bakin hanya suna ɗaga mana hannu. Ni da Baffa muna gaban wata motar kaya. Da muka yi nisa sai ya ce, "Wato a wasan nan naku, sai an fasa wa mutum kai sannan a ɗauke shi a kafaɗa?" Sai dariya ta zo mini tare da hawaye.

Bayan mako guda kwamiti ya zauna, kuma ba a tashi da sauƙi ba. Wani ya ce, kuma gaskiya ya faɗa, "Shekara nawa muna yawo wurin masu kuɗin garin nan, wa ya taɓa ba mu ko ƙwallo ɗaya? Wanda ya ba mu shi ne za mu kora?" Wani ya ce ko mun cire tallar, abin yana nan cikin wayoyin yara. Alhaji ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Abin da ke cikin wayar mutum tsakaninsa da Allah ne da iyayensa. Amma filin nan namu ne, ƙirjin yaran nan namu ne. Ba za a sake rubuta caca a kai ba." Aka tsaya a haka.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Gasar da ta biyo baya ba ta yi rabin armashin waccan ba, sai da muka bi masu shaguna da masu injin casar shinkafa ɗaya-ɗaya kafin mu haɗa abin da za a fara. Akwai matasan da na sani waɗanda har yau abin bai sake su ba, kuma a bakina suka fara jin sunansa. Wannan nauyin ina ɗauke da shi. Lamba tara ya ci gaba da buga mana har ya yi iyali, amma ya taɓa gaya mini cewa tun daga ranar, in ya ci ƙwallo, wurin 'yan wasa yake gudu, ba ya sake nufar 'yan kallo.

Yanzu in na ji ana muhawara a rediyo ko a gidan kallo kan ko a hana kamfanonin caca talla da ɗaukar nauyin wasanni, ba na dogon bayani. Na san kuɗinsu yana gyara fili, na gani da idona. Amma na kuma ga abin da suke ɗauka a madadinsa: suna raba ɗan kallo da ƙungiyarsa, har ya zo yana addu'ar kada nasa su ci. Don haka ni ina cikin masu cewa a hana. Abin da na koya kuwa bai tsaya a ƙwallo ba. Duk wanda Allah ya ba muryar da mutane ke saurare, to amana aka ba shi, ba kayan haya ba. Kafin ka kira jama'a zuwa wani wuri, ka tabbata wuri ne da za ka iya tsayawa a gaban iyayensu ka ce, "Ni na kira su."